Kwalin Da Ake Jin Kunyarsa

A Ingila da Amurka akwai wata tsohuwar sana'ar mata: a tara ƙyallayen tufafin da suka mutu, a yayyanka su daidai wa daida, a harhaɗa, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a bi da allura, sai ga bargo. Asirin aikin yana ga ɗan abin da ake ɗorawa a kan ƙyalle a zana gefensa kafin almakashi ya shiga, wato samfurin yanka. In yanki ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa ko da faɗin farce ne, bargon zai fito a karkace kamar rawanin da aka naɗa a duhu. Shekaru aru-aru da tsohuwar wasiƙa ake yin samfurin nan, ko jaridar da aka gama karantawa, ko kwalin da aka ci abin cikinsa. Yau kanti ake zuwa a sayo na roba mai sheƙi, kowane fasali da farashinsa, har wadda ta yanka nata daga kwalin karin kumallo ta zama abar nunawa, wai ta gano dabara. Ni dai a ganina kwali bai taɓa gazawa ba. Kunyarsa kawai aka fara ji.

Shaida tana nan a ajiye. A birnin Yok na Ingila, ƙungiyar masu wannan ɗinki tana riƙe da wani mayafin gado na siliki mai ɗauke da shekarar 1718, ɗaya daga cikin mafi tsufa da aka san ranarsu, kuma a kan guntayen takarda aka naɗe ƙyallayensa aka ɗinke, takardun na ciki har gobe. Matar da ke da halin tara siliki ba ta ga faɗuwa ba ne ta yanka tsohuwar takarda. A Amurka, lokacin karayar arzikin shekarun 1930, mata suka koma ɗinka riguna da barguna da buhunan fulawa da na abincin kaji, har kamfanoni suka gane, suka shiga buga furanni a jikin buhun don uwargida ta tura maigida ya sayo nasu. Jaridar Kansas City Star ta yi ta buga zanen samfura daga 1928 zuwa 1961. Mace ta yanke shafin, ta manna a kwali, aiki ya tashi. Matan baƙar fata na ƙauyen Gee's Bend a jihar Alabama ma sau da yawa ba su tsaya neman samfurin ba, tsofaffin wandunan gona suke tsagawa da ido. A 2002 aka rataye bargunansu a gidan baje kolin zane na Huston, a 2006 hotunansu suka fito a kan sarkin wasiƙa na Amurka. Masu kwat suka riƙa tsayawa gaban gwiwar wandon manomi suna riƙe haɓa.

To, ga inda wasan ya juye. A 1979 kamfanin Olfa na Japan ya fito da reza mai zagaye kamar taya, ita kuma ba ta tafiya sai da tabarmar yanka ta musamman, da rula mai kauri, da samfura kala-kala. Sana'ar da ake yi don kada ƙyalle ya lalace ta koma haka: a sayi sabon yadi dal, a daddatsa shi gunduwa-gunduwa, a kwana ana mayar da shi yadda yake. Har akwai yadin da ake bugawa musamman don ya yi kama da buhun fulawar 1930, a sayar da shi da tsada ga jikokin waɗanda suka sa buhun don babu yadda za su yi. Talauci ya zama abin ado, amma fa sai an biya kuɗin shiga.

Masu kare roba suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Kwali yana cinyewa. Duk zagayen da fensir ya yi sai ya ɗan gutsiri gefensa, kusurwa ta dakushe, kuma a aikin da ake barin kwatan inci kacal don bakin ɗinki, kuskure kaɗan yana hayayyafa. A ce kowane yanki ya rage da milimita ɗaya, layi mai yanki 40 ya yi asarar santimita 4, ƙafar mai barci ta leƙo waje cikin hunturu. Sai dai kakanninsu sun san wannan tun kafin a haifi mai kantin. Suna yanka samfuri uku ko huɗu lokaci guda, wanda ya gaji a jefar, tunda kwali ba gado ba ne. Wasu da sanfefa suke yi, a kifa gefen mai kaushi a kan ƙyalle ya kama shi ƙam. Mai son abin da ba ya cinyewa ga murfin robar bota, ga kuma tsohon hoton ƙirji na asibiti, wanda ake hango zanen yadi ta cikinsa, haƙarƙarin maigida na taya uwargida zaɓar fure. Hujja ta biyu ita ce sauri, kuma na sallama: mai ɗinka barguna don kasuwa, reza mai taya za ta rage mata wahala. Amma wadda ke yin bargo ɗaya a shekara uku, saurin me take yi? Samfuranta goma sha biyu suna kwance a durowa, wasu ko ledarsu ba a ɓare ba.

Kada mu cika dariya, domin ciwon ya san hanyar gidanmu. Mu ne masu lifidi, sulken doki na yadi da aka cusa wa auduga aka bi da ɗinki, wanda har yau ake fito da shi a hawan sallah a Kano da Katsina. A Sudan, mabiyan Mahadi na shekarun 1880 jibba mai faci suke sawa don nuna gudun duniya, ba a jima ba facin ya zama ado da tela ke tsarawa daidai wa daida ga manyan mayaƙa. Wajen adana tarkace kuwa ba wanda ya kai mu: gwangwanin madara ya zama gidan allura, hoton ƙirjin 2009 yana ƙarƙashin katifa yana jiran likitan da ba zai taɓa tambaya ba, tela kuma kullum yamma yana share tulin ƙyallen atamfa da shadda, abin da bai shiga matashin kai ba ya tafi bola. Kaya sun haɗu, hannu na nan. Sai dai a gwada shimfiɗa bargon ƙyallaye a gadon amarya a gani. 'Yan ganin ɗaki za su taɓa shi da yatsa biyu, gwaggo ta ja uwar amarya gefe ta ce, "Haba Yaya, ai da kin yi magana an taimaka, araha ba ta ado." A ɗauki bargon nan dai, a sa shi a leda mai zif, a liƙa masa takarda da rubutun Turanci, a ce daga Dubai aka yo odarsa. Gwaggon nan ce za ta fara shafa shi tana tambayar ko akwai saura, kuma in an faɗi kuɗin ba za ta nemi ragi a gaban mutane ba.