Ire-iren Masu Sayen Tsohon Gida a Gaban Tsagaggen Bango

Masu sayen tsofaffin gidaje a Kano don su gyara su sayar sun kasu kashi-kashi, kuma ba a rarrabe su sai a gaban tsagaggen bango. Ita tsaga iri biyu ce. Akwai siririya wadda ko farce ba ya shiga, ta filasta ce kawai. Akwai mai hawa layin bulo mataki-mataki, ta buɗe baki daga sama, ta hana ƙofa rufuwa. Wannan daga fandisho take, kuma an fi ganinta a gidan da aka gina kan cikakken kududdufi, ko kan laka mai kumbura da damina ta tsuke da rani.

Mafi yawa a kasuwar shi ne Mai Fenti. A wurinsa babu ciwon ginin da buhun siminti biyu ba zai warkar ba. Yana cike tsagar, ya manna tayil har tsayin taga don danshi ya ɓuya, sannan ya matsa wa dillali a sayar kafin ruwan Agusta. Ba ya son mai saye ya zo da tocila.

Sai Mai Makulli, wanda ke zagaya ɗakuna yana ƙwanƙwasa bango da makullin mota, ya kara kunne, ya gyaɗa kai. Abin da yake ji sirri ne tsakaninsa da bangon, amma dai bai taɓa leƙa bayan gida ba, inda sokawe ke yoyo a gindin gini, darbejiya kuma ta miƙa saiwa ƙarƙashinsa.

Matsoraci da ya ga zare a filasta sai ya nemi takalminsa. Ta haka gidaje masu lafiya ke faɗawa hannun Mai Taya, wanda tsaga ke faranta wa rai. Yakan zura yatsa a ciki, ya yi salati, ya ce, "Alhaji, ai fili kake sayarwa, ba gida ba." In an sallama masa, shi ma fenti yake saye.

Mai Tawakkali hujjarsa ɗaya: gidan ya shekara 40 bai faɗi ba. Sau da yawa shi ne ke ɗora masa bene.

Akwai na ƙarshe, ba a cika samunsa ba. Yana zuwa da injiniya mai rajistar hukumar injiniyoyi ta COREN, a haƙa rami a gindin bango a ga zurfin kankare da irin ƙasar. Yana shafa ɗan siminti kan tsagar ya rubuta kwanan wata, ya dawo bayan ruwa ya ga ko ta sake buɗewa. Yana kuma zama da dattawan layin, domin su ne suka san inda kududdufin da yara ke wanka yake a da. Idan ta kama a ƙarfafa fandisho, aikin da ake haƙawa gaɓa-gaɓa a zuba kankare a ƙasa, sai ya cire kuɗin daga tayinsa. Dillalai sun san lambarsa, shi ya sa ba sa ɗauka.