Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Bututun Ɗumama Ɗaki

Daga wani ɗan haya a birnin Bafalo na Jihar Niyok, zuwa ga Mai Girma Bututun Ruwan Zafi, mazaunin gindin bango.

Ranka ya daɗe, maƙasudin wannan takarda shi ne in kawo ƙara gabanka, kuma a kanka, tun da yake a wannan yanki na Amurka, inda watan Janairu ke daskarar da ruwa a kwata, babu wani hakimi da talaka ke bukatar adalcinsa da tsakar dare kamar kai. Amana guda aka ɗora maka, wato ka karɓi ruwa daga tukunyar da ke ƙarƙashin gida yana da zafin digiri 180 a ma'aunin Farenhait, kimanin 82 ke nan a ma'aunin da muka saba da shi, ka bi da shi ɗaki-ɗaki ta cikinka na jan ƙarfe, ka bar siraran fallayen alminiyam da aka jera maka su miƙa wa ɗaki ɗumi, sa'an nan ka mayar da ruwan inda ka ɗauko shi bai rasa fiye da digiri 20 ba. To, ga falon ƙasa ya yi ɗumi har ana tuɓe rigar sanyi, alhali a ɗakin yara na bene, wanda shi ne zangonka na ƙarshe, duk wanda ya ɗora tafin hannu a kanka sai ya janye da sauri, ba kuwa don ƙuna ba.

Na san uzurin da za ka fara kawowa, cewa ’yan haya sun tokare ka da kujera, ko darduma ta toshe ƙofar da iskar ɗaki ke shiga ta ƙarƙashinka, ko ƙura ta cika fallayenka. Wannan hujja ce karɓaɓɓiya a wata shari'ar dabam, domin wanda aka toshe jikinsa zafi yake yi, ɗakin ne kawai ba ya amfana. Kai kuwa jikinka ne ya yi sanyi ƙalau, alamar ruwan ma bai iso ba. Maƙwabta sun riga sun yanke hukunci cewa tukunya ce ta tsufa, wasu kuma suna ta murza ma'aunin bango zuwa ƙololuwa, alhali bawan Allah nan bai san komai ba sai kunnawa da kashewa. Da yake ba a hukunci da zato, sai aka kira shaidu.

Wanda aka fi yi wa ƙazafi a cikinsu shi ne ƙaramin injin tura ruwa, wanda jama'a ke zaton shi ke ɗaga ruwa zuwa bene, suna cewa a sayo babba. Haƙiƙanin al'amari, da'irarka a rufe take, nauyin ruwan da ke saukowa daidai yake da nauyin wanda ke hawa, tamkar guga biyu a igiya ɗaya bisa bakin rijiya, aikin injin kawai ya juya su. An dafa bututun da ke bayansa aka ji zafi, aka kuma ɗora masa bakin sukundireba aka kara ƙotar a kunne aka ji yana juyawa lafiya lau, saboda haka aka sallame shi. Haka nan bawul ɗin da ke buɗe wa bene hanya, aka tura sandarsa da hannu, aka tarar a buɗe yake.

Shaida na gaskiya shi ne agogon matsi da ke jikin tukunya. Ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce kowane fam ɗaya na matsi yana riƙe ruwa tsawon ƙafa 2.31, don haka gida mai hawa biyu ake cika shi zuwa fam 12 tun ruwan na da sanyi, a bar tazara mai yawa kafin fam 30, inda bawul ɗin kariya ke buɗewa ya zubar. Allurar kuwa sai aka same ta ta sunkuya ƙasa da haka nesa, wanda ke nufin ruwan da ke samanka bai da mai tallafa masa, kuma inda ruwa ya ja da baya, ai ka san mai maye gurbinsa.

Nan ne, Allah ya ba ka nasara, laifinka ya tabbata: ka saukar da iska a gidanka ba da izinin kowa ba. Ba na musun cewa da ruwa ta shigo, gama ruwan famfo ɗauke yake da iska narkakkiya wadda zafi ke kora daga jikinsa, ita kuma bisa ɗabi'arta sai ta nemi wuri mafi tsawo ta tare; amma da ta tare, sai ta yanke silsilar ruwan, ma'aunin nan na hawa da sauka ya karye, injin da ba a halicce shi don ɗagawa ba ya yi ta juyi a banza. Kuma ba a ɓoye kuke yi ba, domin da sulusin dare na ƙarshe kowa na jin ƙugin cikinka, ƙululu-ƙululu, a lokacin da mai ibada ke neman natsuwa. Tun tuni Gil Carlson, injiniyan kamfanin Bell & Gossett, ya karantar da cewa a dasa injin yana tura ruwa nesa da tankin da ke karɓar kumburin ruwa, don matsinsa ya ƙaru a kan na da'ira ya matse kumfa; wanda ya haɗa gidan nan, ga alama, ranar darasin ba ya makaranta.

Hukuncin da aka zartar ka gan shi da idonka. Mai gyaran famfo ya kashe tukunya ya bar ta ta huce, ya rufe bawul ɗin dawowa don kada ruwa ya bi gajeriyar hanya, ya ɗaura tiyo a bakin magudana ya tsoma ƙarshensa cikin bokiti, sa'an nan ya buɗe ruwan cikawa idonsa na kan agogo. Tiyon ya yi tari, ya yi tsalle, ya tofar da kumfa tare da baƙin ruwa mai kama da tawada, wanda ya ce tsatsar ƙarfe ce da iskar nan ta haifar, har dai ruwan ya miƙe shiru. A bene kuma ya murɗa ɗan ƙaramin bakinka da gefen sulalla, ka yi huci, ka zubo ɗigo a tsumma. Sai dai ya yi kashedi cewa yawan wannan wanki ba alheri ba ne, tun da kowane sabon ruwa da nasa baƙin yake zuwa, kuma matsin da ya faɗi ba haka kawai ya faɗi ba, akwai inda kake yoyo a asirce.

Saboda haka ina roƙonka, don girman maƙwabtaka, ka bayyana wurin yoyon nan kafin mai gida ya sa a fasa bango. Ka kuma tuna cewa a jikin bangon waje kake kwance, ruwan da ya tsaya cikinka a daren sanyi ƙanƙara zai zama, ƙanƙara kuwa ta fi ruwa girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, jan ƙarfenka ba zai iya ɗaukarta ba, kuma rufin da zai jiƙe a ranar, a kan littattafaina yake.

Haza wassalam.