Jama'ar Fim Ɗin Farko

Tun daga shekarar 1990, sa'ad da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, ba a taɓa rasa samari masu ƙulla niyyar yin fim ɗinsu na farko ba, kuma duk inda suka taru, ɗabi'unsu ba sa saɓawa. Akwai furodusa, wanda ya sayar da rabonsa na gado, yana lissafin ribar da ba ta zo ba. Akwai darakta, wanda bai mallaki kome daga ilmin sana'ar ba face hula da tsawa. Jaruma kuwa, in an ce hantsi, sai La'asar sakaliya.

Amma gwanina shi ne mawaƙi. A mazhabarsa labari mustahabbi ne, waƙa ita ce farilla. Saboda haka kafin marubuci ya kammala shafi guda, shi ya riga ya tare a wani situdiyo na Titin Gidan Zoo, ya fito da waƙoƙi biyar, ya kuma yanke fatawa cewa lalle a nema musu gurbi, ko da a tsakiyar zaman makoki ne. In ka ce murya ta kauce, sai ya dube ka da tausayi, ya ce, "Ranka ya daɗe, na'ura za ta gyara." In ka tambayi yadda sunan wani Alhajin Kantin Kwari ya faɗo cikin baitin soyayya, sai ya kafa hujja da cewa Shata ma ya wasa mutane, alhali kuwa Shata da kalangu ya yi, ba fiyano ce ta riƙe masa numfashi ba. Fim zai kwanta a kasuwa, furodusa ya shiga ɓuya, shi kuwa gogan a tsince shi gidajen biki ana yi masa liƙi.

Mu masu ba da shawara, ba a ganinmu sai an sauke tukunya.

Wanda ba na iya yi wa dariya shi ne ɗan dawunlodin. Bai sha rana ba, bai ci bashi ba, amma fim na fita zai zauna a rumfarsa yana tura wa jama'a a waya da 'yan canji, ya ce taimakon talla yake yi, alhali yaron da ya yini riƙe da fitila har yanzu ana ce masa ya dawo jibi.