Gayyar Kwamfutoci, da Masu Cewa Ba Za Ta Yiwu Ba

Na san halinku, mutanen benci. Ko wata aka ce an gani, sai kun tambayi wa ya gani, a ina yake tsaye, kuma ko yana sa tabarau. To yau ma ga abin musu na kawo muku, tun ban fara ba kuwa na hango Alhaji ya taɓe baki. A watan Afrilun 2020, kwamfutocin mutane na gida, irin waɗanda yara ke buga gem da su har a kwashe abincin dare ba su sani ba, sun haɗu ta intanet suka yi ƙarfin lissafin da ya ninka na kwamfuta mafi ƙarfi a duniya fiye da sau goma. Ba wata gwamnati ce ta tara su ba, masu su kuma ko sisi ba a biya su ba.

"Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya!" Na ji ka, Malam. Gyara zama.

Kwamfutar da aka kayar ɗin sunanta Summit, a lokacin tana cibiyar bincike ta Oak Ridge a jihar Tennessee ta Amurka. Daloli wajen miliyan 200 aka kashe mata, wutar da take sha a lokacin kuwa ta ishi ƙaramin gari. Abin da ya kayar da ita shiri ne mai suna Folding@home, wanda Vijay Pande ya fara a Jami'ar Stanford a shekarar 2000. Damuwar Pande furotin ce, sinadarin da kusan duk aikin cikin jikinka shi ke yin sa. Furotin doguwar sarƙa ce mai naɗe kanta ta ɗauki wata siffa kafin ta yi aiki, idan ta naɗu ba daidai ba sai ciwo, irin su cutar mantuwa ta Alzheimer. Don a ga yadda take naɗuwa, sai kwamfuta ta lissafa motsin kowace ƙwayar zarra da ke cikinta, taki bayan taki. Aikin ya fi ƙarfin injinan da ke hannunsa. Sai ya yi abin da manominmu ke yi idan gona ta fi ƙarfin fartanya ɗaya: ya kira gayya. Aka yanka aikin kunya-kunya. Ka sauke manhajar, kwamfutarka ta karɓi kunyarta, ta nome yayin da kake barci, ta mayar da sakamako, a miƙo mata wata. Can a jami'a su harhaɗa dubban guntayen, su fitar da hoton tafiyar gaba ɗaya.

Hajiya daga can baya tana cewa banza ba ta kai zomo kasuwa, wa zai bar injinsa a kunne dare da rana don Allah? Hajiya, kin raina son a sani. Maki ake ba su. Maki kawai, wanda ba ya sayen ko ƙullin gishiri, sai dai a jera sunanka a allo a ga ka wuce wane. A kan wannan makin mutane suka kafa ƙungiyoyi suna gasa kamar masu ƙwallo, wasu har sabbin na'urori suke saye don kada a wuce su. A 2007 kamfanin Sony ya sa manhajar cikin na'urar wasa ta PlayStation 3, kafin shekarar ta ƙare shirin ya haura lissafi miliyan sau biliyan a sakan guda, ya shiga kundin Guinness. Iyayen da ke yi wa yara faɗan gem ba su san akwatin yana binciken cuta ba idan an kwanta.

Sai korona ta zo. Duniya ta kulle, kowa yana gida yana kallon silin, yana neman abin da zai yi ya ji ya taimaka. Na'urorin da ke cikin shirin, waɗanda a da ba su wuce dubu talatin ba, suka haura miliyan. Har ta kai masu gona suka rasa kunyar da za su miƙa, 'yan gayya na tsaye da fartanya a kafaɗa suna jira. Kafin ƙarshen Maris an kai lissafi biliyan sau biliyan a sakan, matakin da babu kwamfuta guda da aka tabbatar ta taka sai a 2022, lokacin da aka kunna Frontier, ita ma a Oak Ridge.

Yanzu bari in ba ku makami da hannuna, don na san kuna nema. Duk wannan hayaniyar, motsin furotin ɗin ƙwayar korona na tsawon wane lokaci aka lissafa? Kashi ɗaya cikin goma na sakan. I, ku yi dariyar, ina jira. Kun gama? To kowane taki na lissafin nan bai wuce 'yan kashi kaɗan cikin miliyan sau biliyan na sakan ba, saboda haka wannan ɗan ƙiftawar ido taki gomman tiriliyoyi ne. A cikinsa aka ga yadda ƙahon ƙwayar, wanda take kama jikin mutum da shi, ke wage baki fiye da yadda aka zata, aka kuma gano ɓoyayyun ramuka sama da hamsin a jikin furotin ɗinta, wuraren da magani zai iya maƙalewa. An buga sakamakon a mujallar Nature Chemistry a 2021. Ban ce su suka kawo rigakafi ba, kada gobe a ce na faɗa.

Wani zai ce, to idan ɗan gayya ya yi ha'inci fa, ya binne ciyawa ya ce ya nome? Wannan tambayar mai hankali ce, kuma an yi ha'incin. Shirin SETI@home, wanda Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ta buɗe a watan Mayun 1999, ya sha fama da masu aiko da sakamakon jabu don su tara makin nan da ba ya sayen gishiri. Maganinsu kuwa mai sauƙi: a ba kwamfutoci biyu ko uku da ba su san juna ba aiki iri ɗaya, idan bakinsu ya zo ɗaya a karɓa, idan ya saɓa a sake. Shi wannan shirin, tun da mun zo wajen, abin da yake nema shi ne saƙon wasu halittu daga sararin samaniya, cikin bayanan da ƙaton faifan sauraro na Arecibo a Puerto Rico ke tarawa. Mutane sama da miliyan biyar suka shiga. Shekara ashirin da ɗaya ana kasa kunne, ko sallama ba a ji ba. A Maris 2020 aka daina rabon aiki, a Disamba kuma faifan kansa ya rufta. Nan kam kun ci ɗaya, Alhaji, rubuta.

Amma kada ka yi saurin miƙewa. Wayar da ke hannunka ma daga irin wannan matsalar ta sami abin da kake latsawa. A cibiyar CERN da ke kusa da Jeniba, masana daga ƙasashe barkatai ke zuwa su yi aiki su koma, kowa da irin kwamfutarsa, takardun wannan ba sa buɗuwa a injin wancan. A 1989 Tim Berners-Lee ya rubuta shawarar yadda za a haɗa takardun su riƙa kiran juna, daga nan aka sami shafukan yanar gizo, a Afrilun 1993 kuma CERN ta sake su kyauta ga kowa. Da cibiyar ta gina injinta mai zagayen kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa, bayanan da yake fitarwa suka fi ƙarfin gini ɗaya, sai aka raba su ga cibiyoyi kusan 170 a ƙasashe sama da arba'in. Da haka aka tace bayanan da suka kai ga sanar da gano ƙwayar Higgs, wadda ta fi zarra ƙanƙanta, ranar 4 ga Yulin 2012. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne ɗalibi. Yana zaune a ƙaramar jami'arsu, ya rubuta ɗan lissafinsa ya tura, lissafin ya tafi inda bayanan suke, ya dawo masa da amsa. Ba biza, ba kuɗin jirgi, ba roƙon kowa.

'Yan kasuwa kuwa ba su tsaya musu ba, su da suka ji ƙamshin riba. Fim ɗin Toy Story na 1995 kwamfutoci 117 aka jera suka zana shi, kowace da hotunanta. A 2006 Amazon ta fara ba da hayar kwamfutoci a kan awa, ka ɗauki dubu da safe ka sallame su da la'asar, ka biya na awannin da ka ci.

To ina iyakar abin? Akwai ta, kuma da a nan kuka tsaya tun farko da na sara muku. Gayya tana nome gona a wuni guda, amma ko duk garin ka kira ba za su sa gero ya nuna a mako ba. Gene Amdahl ya yi wannan lissafin tun 1967: idan kashi ɗaya cikin goma na aikinka ba ya rabuwa, ko kwamfuta miliyan ka tara saurinka ba zai wuce ninki goma ba. Hasashen yanayin gobe ma ba a ba 'yan sa-kai, domin lissafin iskar nan yana jiran na maƙwabciyarta a kowane taki, dole injinan su zauna ɗaki ɗaya da wayoyi masu saurin gaske a tsakaninsu. Shi ya sa har yau ake gina irin su Frontier. Kyautar ma ba kyauta ba ce, kuɗin wuta ne aka raba wa mutane kowa ya biya nasa. Wanda ke auna man janareta da gora, ban ce ya shiga ba. Mai kwamfutar ofis kuma ya tambayi maigida tukuna.

Saura ɗaya, wannan tukwici ne gare ku. Tun 1996 akwai wata gayyar mai suna GIMPS, masu farautar manyan lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu. A Oktoban 2024 wani tsohon ma'aikacin kamfanin Nvidia, Luke Durant, ya yi hayar injina a ƙasashe 17 ya gano wadda ta fi duk na baya, mai alƙaluma 41,024,320. In za ka karanta alƙalami ɗaya kowane sakan, ba ci ba barci, sai ka shekara har da wata uku ba ka kai ƙarshe ba. Ya kashe kusan dala miliyan biyu daga aljihunsa. Ladan da aka ware wa wanda ya gano, dala dubu uku. Hajiya, na ga kin ɗaga hannu. Bismillah, a kan wannan ba zan tare ki ba.