Masu Shirya Yaro Zuwa Gaban Alhaji

Daga ƙarshen jarrabawar NECO a watan Yuli zuwa fitowar sakamako, Aujara cike take da samari da 'yan matan da suka ajiye biro ba su san inda za su sa kansu ba. Wasu gona ke kwashe su, tunda damina ce. Sauran sai a shiga nema musu wurin zama: shagon cajin waya, kemis, kantin kayan masarufi, ko wurin tela a Jahun. Mai ɗan gata a tura shi Dutse ya tsare wa wani shago. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin ₦200 da ₦500 da ₦1,000, rumfar POS ta zama wurin da yara da yawa ke fara taɓa kuɗin da ba na gidansu ba. Amma kafin a damƙa wa yaro na'ura, sai an kai shi Alhaji mai rumfar ya gan shi. Ganawar ba ta kai a sha shayi a tashi ba. Shirinta ne ke cin mako guda, domin kowa a gidan ya zama malami.

Shugaban malaman shi ne Yaya Ɗan Digiri. Ya gama Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, ya yi bautar ƙasa, ya dawo gida da jakar takardu. Babu fom ɗin da bai cike ba: kwastan, shige da fice, 'yan sanda, N-Power. Har yau ba a taɓa kiransa intabiyu ba, amma duk wani bidiyon da ke koyar da yadda ake yinta ya kalle shi, da datar da Inna ta saya masa. Jin an ce ƙaninsa zai je wurin mai POS, sai ya miƙe kamar shi aka kira.

Abu na farko takardar tarihin kai. Yaron shekararsa 17, tarihin nasa gaba ɗaya bai wuce firamare da sakandare da makarantar allo ba, amma Yaya sai ya fitar da shafi biyu, a buga da kwamfuta a Jahun, a sa a leda. Monitan aji ya koma “ƙwarewar shugabanci”. Kiwon tumakin Inna ya koma “kula da dukiyar dabbobi”. Daga nan sai gwaji a gindin darbejiya: Yaya a kan kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yaro a tsaye cikin kwat ɗin aro da laktayi, gumi na bin wuyansa.

“Ina kake ganin kanka nan da shekara biyar?”

“Allah ne masani, Yaya.”

Yaya ya dafe kai. Amsar da duk wani dattijon Aujara zai ji ya ce yaron nan ya samu tarbiyya, ita ce shi a wurinsa faɗuwa. Sai ya koya masa ya shiga kai tsaye, ya miƙa hannu ya damƙe da ƙarfi, ya kalli Alhaji cikin ido. Wato duk abin da aka yi shekara 17 ana hana yaron, shi Yaya ke son ya haddace a dare ɗaya. Allah ya taimaka, da sun isa ƙofar shago jikin yaron ke tuna abin da ya saba: ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. Alhaji ya karɓi takardar, ya juya bayanta, ya ga fari tas, ya ce madalla, dama yana neman inda zai rubuta sunayen masu bashi. Tambayoyinsa uku ne: ɗan gidan wa, yana salla a kan lokaci, sannan in mutum ya ba da ₦2,000 ya ɗauki kayan ₦1,350, nawa ne canjinsa. Yaron da ya kwana yana haddar Turanci sai ya tsaya yana ƙirga yatsu. A hanyar komawa Yaya zai bayyana cewa matsalar ƙasar nan ita ce ba a san darajar ilimi ba.

Kaka ba ta da wannan dogon zance. Rubutun sha, ɗan turare a wuyan riga, a shiga da ƙafar dama, in an ba shi abinci ya ce ya ƙoshi. Ta gama nata.

Baba kuwa da “a zamaninmu” yake farawa, tun Jigawa na cikin jihar Kano, kafin Babangida ya yanke ta a Agustan 1991. Za a ji tafiyar ƙasa, a ji ubangidan da bai taɓa murmushi ba, a ji farashin buhun gero na wancan lokaci. Sai yaro ya fara gyangyaɗi sannan Baba ya ce, “Kuɗin mutane ba naka ba ne, ko da naira biyar ce.” A duk makon nan babu maganar da ta kai wannan amfani, kuma ita ce yaron bai ji ba.

Goggo tuni ta sa shi a adashe. Ba a ɗauke shi aikin ba tukuna, amma kwasarsa ta uku ce.

Akwai 'yan majalisar bakin titi, abokansa, waɗanda ba wanda ya taɓa aiki a cikinsu. Su ne lauyoyi. “Kar ka yarda da ƙasa da ₦70,000, doka ce!” Dokar tana nan, an sa mata hannu a Yulin 2024, sai dai ta tsame masu aikin wucin gadi da wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Ma'aikatan Alhaji kuwa, in an haɗa da shi kansa da laimar rumfar, uku ne.

In yarinya ce za ta kemis, abin juyewa yake. Inna ce ke yafa mayafi ta raka ta, kuma mai kemis ne ke amsa tambayoyi: wa ke zama a shagon, ƙarfe nawa ake tashi, ya san dai kafin magariba tana gida ko? Ya ci jarrabawa a ba shi yarinya, ya faɗi a nemi wani kemis.

Sai Kawu Na-San-Shi. Alhajin nan ai tare suka yi wasan ƙasa, ko ba su yi ba sun taɓa shiga mota ɗaya zuwa kasuwar Shuwarin. Shi zai raka yaro, shi zai amsa gaisuwa, shi zai amsa tambayar canji, ya kuma kuskure. Kafin a tashi ya ja Alhaji gefe, yana da wata 'yar lalura. Mai wannan rubutu ba ya cikin masu rakiya. Nasa rukunin na kan benci, masu jira a dawo su ce ai da an tambaye su.

Duk waɗannan a yi dariya a wuce, domin son yaron ne ke sa su. Wanda ba ya ba da dariya shi ne Mai Albarka. Yawanci shi ya samo aikin, kuma huɗubarsa ɗaya ce: “Kul ka tambayi kuɗi. Albarka ake nema.” A gaban Alhaji ma shi ke rufe zancen da “ai ɗanka ne, duk abin da ya sawwaƙa”. Da haka yaro zai kama aiki bai san nawa za a ba shi ba, bai san ranar biya ba, bai san ko za a bar shi ya je darasin JAMB ba, bai kuma san a kan wa asara za ta faɗa ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce ko koyon sana'a a rubuce ake ƙulla shi, amma Mai Albarka zai ce takarda tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ce. Shi kansa ba ya ɗora buhun riɗi a mota sai an yanke lada, a gaban shaidu.

Ranar da wani ya nuna wa yaron alat na bogi ya karɓi kuɗi ya hau babur, a ranar ake gano cewa ashe akwai albashi, domin ga shi ana cirewa daga cikinsa wata bayan wata. Yaro ya zo gida ido ja, a aika a kira wanda ya tsaya masa. Matarsa ta ce ya tafi Gujungu cin kasuwa, ko da kuwa ranar ba Lahadi ba ce.