Yadda Ɗan Birni Zai Tsere wa Kano na Yini Guda

Idan ƙarar A Daidaita Sahu ta fara bin ka har cikin mafarki, ko kana amsa gaisuwar 'ya'yanka idonka na kan waya, to lokacin shan iskar karkara ya yi. Tafiya ta hanyar Zariya zuwa madatsar ruwa ta Tiga ta ishe ka magani, muddin ka kiyaye waɗannan sharuɗɗa.

Na farko, ka ga bakanike tun ana gobe tafiya. Motar da ta saba rarrafe a cunkoson Kantin Kwari ta manta gudu. A duba mai da ruwa da safaya, domin tunani mai zurfi ba ya zo wa mai tura mota a tsakar rana.

Na biyu, ka fita bayan asuba. Da ka wuce Na'ibawa ka haye gadar Tamburawa, sauke gilashi, kashe rediyo, jefa waya a aljihun mota. 'Yan zauren WhatsApp na unguwarku za su iya ƙarasa musunsu ba da kai ba.

Na uku, bar hon a birni. Idan garken shanu ya tare hanya, ka tsaya. Saniya ba ta san kai darakta ba ne, kuma ba ta da niyyar sani. Ɗaga wa makiyayi hannu, ka ƙirga maruƙa har su gama wucewa.

Na huɗu, rage gudu a Kura da Kadawa. Dubi shinkafa da tumatir kore shar a tsakiyar rani, ka dubi magudanan da ke shayar da su. Ruwan nan daga madatsar Tiga yake, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974. Idan ka tsaya sayen tumatir a Kwanar Gafan, kada ka fito da wayon cinikin Sabon Gari. Mai tumatirin nan tun duku-duku yake cikin laka. In ya ce "albarka", ka ƙara masa da fara'a.

Na biyar, in za ka tambayi hanya, fito daga mota. Yi sallama, ka ce, "Baba, sannunku da hutawa," ka tambayi gida da gona da gajiya, sannan ka kawo buƙatarka. Idan dattijo ya ce "nan gaba kaɗan ne", gyara zama ka sha ruwa, da sauran tafiya.

Na shida, kuma shi ne dalilin zuwan: a bakin ruwan Tiga ka zauna. Hoto ɗaya ya isa. Nemi inuwa, ka zuba wa masunta ido suna jefa koma daga kwalekwale. Da farko hannunka zai riƙa lalube aljihu yana neman waya. Ƙyale shi, zai haƙura. Daga nan tambayoyin da hayaniya ta danne za su taso ɗaya bayan ɗaya. Yaushe rabonka da ƙauyen mahaifiyarka? Wa ka yi wa tsawa ba da haƙƙinsa ba? Gudun nan da kake yi kullum, ina ka nufa? Kada ka yi gaggawar amsawa. Yi azahar a masallacin gari, ka sha fura da nono, ka koma ka ci gaba.

Na bakwai, juyo gida da la'asar. Hanyar dare ba ta baƙo ba ce, kuma kada ka zarce wajen dajin Falgore sai ka tambayi mutanen yankin halin da hanya take ciki.

Malam ɗan birni, takardun ofis ba za su gudu ba. Zaɓi Asabar guda cikin watan nan, ka cika tanki, ka je ka gaida mutanen da ke noma abin da kake ci.