Jarabar Goge Kwamfutar Mutane

Ina da wata jaraba da har abokaina na Tanut suka gaji da yi mini nasiha a kanta: ba na iya ganin kwamfutar mutum in ƙyale ta. Da an ce, "Mushe, ta yi nauyi, duba mini," sai hannuna ya lalubo kilen da na zuba Linux Mint a ciki. Kafin a sauke shayi na biyu, Windows ta zama tarihi.

Hujjojina kuwa na haddace su kamar karatun allo. Linus Torvalds yana ɗalibi a Helsinki ya fara Linux a 1991, kuma har yau kyauta ne. Jandarmomin Faransa da Ubuntu, wani nau'in Linux, suke aiki. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, alhali da yawa daga tsofaffin injunan da ake sayo mana a Damagaram da Kano ba su iya ɗaukar Windows 11. Ƙwayoyin cutar da ke bin kile daga wannan shagon fotokwafi zuwa wancan ba su cin Linux. Duk gaskiya ne, kuma ina faɗinsu da murya sama.

Sauran gaskiyar ita nake haɗiyewa. Wani ƙanena da ke koyarwa a wajen Belbeji, tunda na yi masa wannan "alheri" injin buga takardunsa ya daina amsawa. Mai gyaran da ya kai wa ya dubi allon, ya ce shi bai taɓa ganin irin wannan Windows ba. Sabunta manhaja na lashe kuɗin intanet. Takardar da ka tsara tsaf a LibreOffice, in an buɗe ta a Word wani lokaci layukanta su watse, ga shi masu ɗaukar sakatare Word da Excel suke tambaya.

To me ya sa ban daina ba? Daɗin "Injiniya" da ake kira na. In ni kaɗai na san kan abu a gari, dole a neme ni. Da neman ya yi yawa kuma sai in ce babu rezo. Mafi muni, a tawa kwamfutar akwai wani lungu da na ɓoye Windows, can nake laɓaɓawa duk ranar da takarda ta zama ta gaggawa.

Abin mamaki, wanda bai taɓa riƙe kwamfuta ba ya fi tsohon hannu saurin sabawa da Linux, don ba shi da wata al'ada da zai yi kewa. Rubutu, kallo da shiga intanet ba su ba shi wahala ko kaɗan. Saboda haka sabon shiga a yankinmu na Damargu zai iya da Linux, muddin akwai mai gyara da zai taka da ƙafa ya same shi. In kuwa ni kaɗai ne mai gyaran, don Allah ya ce mini a'a.